Auna ɗaliban ƙaramar sakandare a lissafi da na'ura: Yadda abin yake da kuma inda ya shafi Rimin Gado

A ƙarshen kowane zangon karatu, ɗalibin ƙaramar sakandare a Rimin Gado kan koma gida da takardar sakamako mai ɗauke da lamba ɗaya tak a gaban darasin lissafi: 38, ko 45, ko 61. Uba ya duba, ya yi faɗa ko ya sa albarka, a ninke takardar a ajiye. Lambar ba ta faɗa wa uban ko malamin a ina yaron ya tsaya ba. Ɗalibai biyu na iya samun maki 38 iri ɗaya, alhali ɗaya rabawa ce ta gagare shi tun yana aji huɗu na firamare, ɗayan kuma ya iya lissafin sarai, Turancin tambayar ne bai fahimta ba.

Wannan giɓi ne masu tallata kwamfuta da manhajojin gwaji ke cewa za su cike. Maganar ta ƙara zafi tun watan Afrilun 2025, lokacin da Ministan Ilimi, Dakta Tunji Alausa, ya sanar da cewa hukumomin WAEC da NECO za su mayar da jarrabawarsu kan kwamfuta gaba ɗaya zuwa shekarar 2026. Ko an cika wa'adin ko an ɗaga shi, alƙiblar ta fito fili, kuma yaran da ke aji ɗaya zuwa uku na ƙaramar sakandare a yau su ne za su ci karo da ita. Rimin Gado, ƙaramar hukumar manoma da ke kimanin kilomita 20 yamma da birnin Kano a kan hanyar Gwarzo, wadda ƙidayar 2006 ta ba ta mutum 104,790, tana cikin wuraren da za a gane ko wannan sauyi zai amfani ɗan talaka ko kuwa zai ƙara masa nauyi.

Yadda ake aunawa a yanzu

Tun manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 aka shigo da gwaje-gwajen cikin zango, waɗanda malamai da ɗalibai ke kira CA. Ana haɗa makinsu da na jarrabawar ƙarshen zango a fitar da sakamako. A ƙarshen aji uku kuma sai jarrabawar kammala ilimin bai-ɗaya, wato BECE, wadda NECO ke shiryawa ga makarantun tarayya da wasu masu zaman kansu, a makarantun gwamnatin jihar Kano kuwa sashen KERD na Ma'aikatar Ilimi ne ke gudanar da ita.

A takarda tsarin ba shi da laifi. Wahalarsa tana cikin yawan aikin. Ɗauki malamin lissafi mai koyar da aji huɗu, kowanne da ɗalibai 80. Gwaji ɗaya zai tara masa takardu 320. Idan ya ba kowace takarda minti uku, ya ci awa 16 kafin ya gama dubawa, ban da shigar da maki a rajista. Malamin da ke cikin wannan hali zai rage yawan gwaji, ko ya duba amsar ƙarshe kawai ya wuce. Kafin sakamako ya dawo hannun ɗalibi an riga an shiga wani babin.

Alƙaluman ƙasa sun nuna girman matsalar da ke shigowa ƙaramar sakandare daga firamare. Binciken MICS na 2021, wanda Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta gudanar tare da UNICEF, ya gano cewa kusan kashi 25 cikin ɗari ne kawai na yara 'yan shekara 7 zuwa 14 a Najeriya ke da tushen lissafi. Ma'ana, da yawa daga cikin waɗanda ake koya wa aljabara a aji biyu ba su gama da tarawa da ɗebewa ba.

Me ake nufi da aunawa da na'ura?

Abubuwa daban-daban ne ake kira da suna ɗaya, kuma bambancinsu a kuɗi da amfani yana da yawa.

Na farko shi ne jarrabawar kwamfuta irin ta JAMB, wadda aka fi sani da CBT. Tambayoyin zaɓi ne da aka ɗauke daga takarda aka ɗora a allon kwamfuta. Tana saurin fitar da maki, tana rage satar amsa ta wasu hanyoyi, amma abin da take faɗa game da ɗalibi bai wuce abin da takarda ke faɗa ba.

Na biyu shi ne gwaji mai bin sawun ɗalibi. Manhajar kan fara da tambaya matsakaiciya. Idan yaro ya ci, ta ba shi mai wuya. Idan ya faɗi, ta sauko da shi, har ta gano matakin da ƙafarsa ta tsaya. Ɗan aji biyu na sakandare na iya fitowa a matakin aji uku na firamare a rabawa, kuma manhajar ta nuna hakan ƙarara.

Na uku shi ne wanda na'urar ke hannun malami kaɗai. A manhajar Plickers, kowane ɗalibi na riƙe da kati bugagge mai zane na musamman. Malami ya yi tambaya, yara su ɗaga katunansu ta gefen da ya dace da amsar da suka zaɓa, shi kuma ya zagaya da kyamarar wayarsa, nan take ya ga wa ya zaɓi me. ZipGrade kuma tana ɗaukar hoton takardar amsa ta duba ta cikin daƙiƙoƙi. A waɗannan, waya ɗaya ta wadatar da aji.

Na huɗu shi ne manhajojin da aka ƙera don wuraren da babu intanet. Kolibri, ta ƙungiyar Learning Equality, ana saka ta a kwamfuta ɗaya a makaranta, sauran na'urori su haɗu da ita ba tare da sayen data ba. Tangerine, ta cibiyar RTI International, jami'i ne ke riƙe da ita a kwamfutar hannu yana yi wa yaro tambaya baki da baki yana shigar da amsa. Akwai kuma gwaji ta saƙon waya da ta kira, wanda ƙaramar waya mai maɓalli ta ishe shi.

Abin da lamba ɗaya ke ɓoyewa

Kuskuren ɗalibi a lissafi yakan bi wata ƙa'ida da yaron ya ƙirƙira wa kansa. Wanda aka ce ya ɗebe 38 daga 52 ya rubuta 26, ya ɗebe ƙaramar lamba daga babba ne a kowane layi: 3 daga 5, sannan 2 daga 8. Bai fahimci aro ba. Wanda ya tara 1/2 da 1/3 ya sami 2/5, ya tara na sama da na sama, na ƙasa da na ƙasa, bai lura cewa amsarsa ta gaza rabin da ya fara da shi ba. Wanda ya ce 0.35 ta fi 0.4 girma, yana kallon 35 da 4 ne kamar cikakkun lambobi.

Gwajin da aka tsara da kyau yakan sanya waɗannan amsoshin kuskure a cikin zaɓi da gangan. Idan ɗalibai 50 cikin 80 suka zaɓi 2/5, malami ya san abin da zai koyar gobe da safe. Gogaggen malami na iya gano haka da jan biro, to amma sai ya sami lokaci. Abin da na'ura ke ƙarawa shi ne sauri da tattara sakamakon aji duka a wuri guda.

Akwai kuma abin da ba ta gani. Yarinyar da ke tallan awara tana ba da canjin naira dubu ba tare da kuskure ba, yaron da ya tashi a gona ya san kwano nawa ya rage a buhu mai kwano 40 bayan an auni 17. A 2025 mujallar Nature ta wallafa binciken Abhijit Banerjee da Esther Duflo da abokan aikinsu a kan yaran kasuwannin Kolkata da Delhi a Indiya. Sun gano yaran na warware lissafin ciniki mai sarƙaƙiya da ka, amma su kasa idan aka rubuta musu irinsa a salon makaranta, su kuma 'yan makarantar da ba sa ciniki abin ya juye musu. Gwajin da ya tsaya a salon littafi kaɗai zai rubuta irin waɗannan yara a matsayin marasa iyawa.

Abin da aka gani a wasu ƙasashe

Binciken da ya fi kusa da wannan batu an yi shi ne a Delhi tsakanin ƙarshen 2015 da farkon 2016. Masana tattalin arziƙi uku, Karthik Muralidharan da Abhijeet Singh da Alejandro Ganimian, sun bi ɗalibai 619, galibinsu 'yan aji shida zuwa tara na makarantun gwamnati, aka yi ƙuri'a wasu suka sami gurbi a cibiyoyin manhajar Mindspark. Gwajin farko ya nuna ɗan aji shida yana bayan matakin ajinsa a lissafi da kimanin shekara biyu da rabi, ɗan aji tara kuma da kimanin huɗu da rabi. A aji ɗaya ana samun tazarar shekara biyar zuwa shida tsakanin na gaba da na baya.

Bayan wata huɗu da rabi, ci gaban waɗanda suka sami gurbi ya kai kusan ninki biyu na sauran a lissafi. Sai dai akwai abin lura. A jarrabawar lissafi ta makarantunsu ba a ga wani bambancin a-zo-a-gani ba, domin yaran sun taso ne daga can ƙasa, jarrabawar kuwa tana tambaya a matakin ajin da har yanzu ba su kai ba. Kuma rabin lokacin da suke yi a cibiyar kowace rana tare da malami suke yinsa.

Ƙasar Peru ta bi wata hanyar. Ta raba wa 'yan firamare ɗaruruwan dubban ƙananan kwamfutoci ƙarƙashin shirin One Laptop per Child. Binciken da Bankin Raya Ƙasashen Nahiyar Amurka ya fitar a 2012, a kan makarantun karkara 319, bai sami ƙarin maki a lissafi ko harshe ba bayan wata 15. An raba na'ura, koyarwa kuwa tana nan yadda take. Najeriya ma ta ɗanɗana wannan shiri a makarantar firamare ta Galadima da ke Abuja a 2007.

A Botswana, lokacin da annobar korona ta rufe makarantu a 2020, wata ƙungiya mai suna Young 1ove ta riƙa tura wa iyalai tambayoyin lissafi ta saƙon waya, wasu kuma a haɗa musu da ɗan gajeren kira duk mako. Saƙo shi kaɗai bai yi tasiri sosai ba, amma saƙo haɗe da kira ya ɗaga iyawar yaran.

Darasin wuraren uku ɗaya ne: gwaji yana amfani ne idan akwai mutumin da zai karɓi sakamakonsa ya sauya abin da yake koyarwa.

Abin da aka riga aka gwada a gida

Misali mafi kusa da Rimin Gado yana Dawakin Tofa, wadda suke mazaɓar tarayya ɗaya tare da Tofa. A 2019 aka fara shirin KaLMA a ƙananan hukumomin Dawakin Tofa da Wudil, da haɗin gwiwar hukumar SUBEB ta Kano, da Kwalejin Ilimi ta Sa'adatu Rimi, da British Council, da TaRL Africa, da tallafin gwamnatin Birtaniya. Shirin ya ɗauko salon ƙungiyar Pratham ta Indiya: a yi wa kowane ɗan aji huɗu zuwa shida ɗan gajeren gwaji baki da baki, a raba yara rukuni-rukuni gwargwadon abin da suka iya, a koyar da kowane rukuni a matakinsa, a sake gwadawa bayan wani lokaci. Gwajin nasu takarda ɗaya ce, amma tunanin da ke ƙarƙashinsa shi ne na Mindspark.

A matakin tarayya, Ma'aikatar Ilimi da UNICEF da Microsoft sun ƙaddamar da dandalin Nigeria Learning Passport a watan Maris na 2022, mai darussa da gwaje-gwaje kyauta, har da wasu da Hausa. A jihar Edo, shirin EdoBEST ya fara ba malamai kwamfutar hannu tun 2018 don bin darasi da shigar da bayanan aji. Kano kuma tana cikin jihohi bakwai na farko a shirin AGILE na Bankin Duniya, wanda aka amince da shi a 2020 da dala miliyan 500 aka kuma ƙara masa dala miliyan 700 a 2023, kuma koyar da 'yan matan sakandare amfani da kwamfuta na cikin ginshiƙansa.

Cikas ɗin da ke ƙasa

A ranar 8 ga Yunin 2024, Gwamna Abba Kabir Yusuf ya ayyana dokar ta-ɓaci a ɓangaren ilimi. A jawabinsa ya ce ɗalibai sama da miliyan 4.7 na zaune a ƙasa suna ɗaukar darasi, kuma makarantu fiye da 400 malami ɗaya ne ke riƙe da su. Duk wata maganar kwamfuta a Gulu ko Jili ko Butu-Butu dole a ɗora ta a kan wannan sikeli.

Wuta ita ce ta farko. Ɗakin kwamfuta na buƙatar lantarki mai tabbas, janareto kuwa ya yi tsada tun cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023. Sola na magance wannan, amma batir na mutuwa, kuma sai an tanadi kuɗin canza shi tun ranar da aka sa hannu a kwangila. Data ma ta tashi bayan hukumar NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a farashin kira da data a Janairun 2025. Ƙurar hunturu da zafin bazara suna rage wa na'ura kwana.

Sai lissafin lokaci. Makaranta mai kwamfuta 20 da aji mai ɗalibai 80 za ta yi zubi huɗu. Idan kowane zubi minti 40 ne, aji ɗaya ya cinye minti 160, kusan rabin ranar karatu.

Sai harshe. Tambayoyin lissafi na ƙaramar sakandare da Turanci suke zuwa, yaro kuwa da Hausa yake tunani da ƙirga. Manufar 2022 ta koyarwa da harshen uwa a firamare gwamnatin tarayya ta soke ta a Nuwamban 2025. Manhajar da ba ta iya raba rashin lissafi da rashin Turanci ba za ta ba malami bayanin da zai ɓatar da shi.

Sai rashin sabo. A jihar Massachusetts ta Amurka, inda kwamfuta ba baƙuwa ba ce, masu bincike Ben Backes da James Cowan sun gano cewa a 2015 ɗaliban da suka yi jarrabawa ta kwamfuta sun sami maki ƙasa da takwarorinsu da suka yi irinta a takarda, kuma tazarar ta ragu a shekarar da ta biyo baya. Idan haka ta faru a can, sai a ƙiyasta halin yaron da ranar jarrabawa ce ranar farko da ya taɓa madannin kwamfuta. Ba a fafe gora ranar tafiya. Wannan ce hujja mafi ƙarfi ta fara sabar da yara tun ƙaramar sakandare, da gwaje-gwajen da ba su da alaƙa da ci ko faɗuwa.

Akwai kuma iyakar tambayar zaɓi. Lissafi na buƙatar a ga hanyar da ɗalibi ya bi, ya zana kusurwa, ya jera matakan warware aljabara. Mai cankar amsa cikin zaɓi huɗu zai iya cin kashi ɗaya bisa huɗu ba tare da ya san komai ba. Saboda haka littafin aiki da allo suna nan da muhimmancinsu.

Idan na'ura ta yi kuskure

JAMB ta fara jarrabawar kwamfuta a 2013, ta koma kanta kacokan a 2015. Duk da gogewar shekara goma, a ranar 14 ga Mayun 2025 shugabanta, Farfesa Ishaq Oloyede, ya fito yana hawaye ya amsa cewa matsalar na'ura ta lalata sakamakon ɗalibai 379,997 a cibiyoyi 157 na Legas da jihohin Kudu maso Gabas, aka sake musu jarrabawa. Kuskuren ya fito ne saboda iyaye da masana sun yi ta ƙorafi har aka buɗe bincike. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. A makarantar ƙauye, kuskure irin wannan na iya wucewa babu wanda ya ɗaga murya, shi ya sa kowane tsari ke buƙatar hanyar da ɗalibi zai nemi a sake duba amsoshinsa.

Bayanan yara ma amana ne. Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta wajabta neman izinin iyaye ko mai riƙo kafin a sarrafa bayanan yaro a inda doka ta buƙaci izini, ta kuma kafa hukumar NDPC don sa ido. Suna da hoto da makin yarinya 'yar shekara 13 bai kamata su zauna a rumbun wani kamfani ba tare da an san wa ke da ikon gani, da tsawon lokacin da za a ajiye su ba.

Tambayoyin da suka dace a yi

Kuɗin irin waɗannan ayyuka yakan fito daga kasafin jiha, ko rancen Bankin Duniya, ko asusun UBEC, wanda dokar 2004 ta ware masa kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigar tarayya, jiha kuma sai ta ajiye nata kason kafin ta karɓa. Dukkansu kuɗin jama'a ne. Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011, wadda Kotun Ƙoli ta tabbatar a Afrilun 2025 cewa ta shafi jihohi, ta ba kowane ɗan ƙasa damar neman takardun kwangila.

Idan aka sanar da raba kwamfutoci ga wata makaranta a Rimin Gado, ga abin da ƙungiyoyin matasa da kwamitocin SBMC za su iya tambaya. Na'ura nawa aka saya, a kan nawa, kuma nawa ne ke aiki bayan shekara guda? Wa ke biyan kuɗin wuta da gyara? Malaman lissafi nawa makarantar ke da su, kuma kwana nawa aka horar da su? Shin sakamakon gwajin yana dawowa hannun malami cikin makon, ko kuwa yana tafiya ofis a Kano ne kawai? Akwai lokaci a jadawali na koyar da waɗanda aka gano suna baya? An gwada yaran kafin a fara, domin a sami abin kwatantawa daga baya?

Tambayar ƙarshe ita ce ta zaɓi. Kuɗin da zai gina ɗakin kwamfuta ɗaya zai iya ba malamai da dama waya da katuna da horo, kuma a makarantar da ba ta da malamin lissafi ko ɗaya, ɗaukar malamin ne ya kamata ya zo a gaba. Ɗalibin da ya rubuta 26 a matsayin amsar 52 a ɗebe 38, ko kwamfuta ce ta gano shi ko jan biro, zai ci gaba da rubuta 26 har ranar da wani ya zauna da shi ya koya masa aro.